Raunin Da Ido Ba Ya Gani: Sojan Da Ya Dawo Daga Fagen Fama Da Rabon Iyalinsa Wajen Jinya

Tun daga watan Mayun 2014, lokacin da Shugaba Paul Biya ya shelanta yaƙi da Boko Haram a taron birnin Faris, iyalai masu yawa a Garwa da Marwa da Ngaundere suka yi sallama da ɗa ko miji ko suruki da aka tura bakin iyaka. Sunayen garuruwa irin su Kolofata da Amcide da Fotokol da Kerawa da Darak sun shiga bakin kowa, har yaran da ba su taɓa wuce Figil ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya an yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu kowa yana ganinsu, yana kuma tausaya musu. Amma akwai kashi na uku, wato waɗanda suka dawo da gaɓoɓinsu cif, babu ko ƙwarzane, sai dai mutanen gida sun lura cewa mutumin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Kullum kansa yana ciwo, barci ya ƙaurace masa, a aike shi kasuwa ya manta abin da ya je saye, kukan jariri ko ƙarar babur ya sa ya tashi da faɗa. A kan waɗannan bayin Allah ne muke son mu tattauna da masu karatu a wannan fitowa, domin ilimin likitanci ya gano cewa mafi ingancin maganinsu yana cikin gyaran tunani da al'adun yau da kullum, kuma babban kaso na wannan aiki a cikin gida ake yin sa.

Mece ce girgizar ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a tsakiyar ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi, ko jiki ya fizgu farat ɗaya, sai ta girgiza a cikin ƙoƙon, aikin jijiyoyinta ya rikice na ɗan lokaci. Wannan shi ne abin da likitocinmu ke kira da Faransanci commotion cérébrale, mu kuma za mu kira shi girgizar ƙwaƙwalwa. Mutum yana iya suma na 'yan daƙiƙu ko mintoci, amma ba ya wuce rabin sa'a; yana iya kuma ƙin suma sam, sai dai ya ruɗe, ya ga duhu-duhu, ko ya kasa tuna abin da ya faru dab da bugun. Galibi idan aka ɗauki hoton kan da na'ura ba a ganin komai, domin matsalar tana cikin yadda ƙwaƙwalwar ke aiki, ba fashewa ba ce da hoto zai nuna.

A wurin soja, babban sanadin wannan rauni shi ne fashewar nakiya. Tun daga 2015 mayaƙan Boko Haram suka yawaita binne nakiyoyi a hanyoyin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari. A watan Fabrairun 2016 irin wannan nakiya ta yi ajalin Laftanar-Kanar Beltus Kwene na rundunar BIR, bayan motarsa ta taka ta. A duk fashewar da aka ƙirga mamata da masu rauni, akan sami wasu da ke kusa waɗanda iskar fashewar ta maka da ƙasa ko da jikin mota, suka miƙe suka kakkaɓe ƙura suka ci gaba da aiki, babu wanda ya rubuta sunansu cikin masu rauni. Haka abin yake ga 'yan sa-kai na ƙauyukan bakin iyaka, da fararen hular da suka tsira daga harin ƙunar baƙin wake irin na Marwa a watan Yulin 2015. Kada mu manta kuma da samarinmu masu haya da babur, waɗanda ke faɗuwa a kan kwalta babu hular kwano. Abin da za mu faɗa a nan ya shafe su duka.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A shekarar 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kan sojojin da suka rikice bayan fashewar harsashin igwa a kusa da su ba tare da an ga rauni a jikinsu ba. A zamaninmu kuwa, ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙirga sojojinta sama da 450,000 da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa tun daga shekarar 2000, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan adadi irin girgizar da muke magana a kai ce. Saboda yawan abin ne suka zuba kuɗi wajen bincike, mu ma sai mu ci moriyar abin da suka gano.

Me ya sa alamun ke daɗewa?

Labari mai daɗi shi ne, yawancin masu wannan rauni suna warkewa cikin 'yan kwanaki ko makonni, kuma kafin wata uku mafi yawa sun koma yadda suke. Sai dai wasu sukan kai wata shida, ko shekara, ko fiye, suna fama da ciwon kai da jiri da mantuwa da gajiya da saurin fushi da ƙyamar haske ko ƙara. Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci ita ce, me ke riƙe da ciwon bayan ƙwaƙwalwar ta sami lokacin farfaɗowa?

A shekarar 2008 Dakta Charles Hoge da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a kan sojojin Amurka 2,525, wata uku zuwa huɗu bayan dawowarsu daga Iraƙi. Kusan kashi 5 cikin 100 sun ce sun taɓa suma sakamakon rauni, kimanin kashi 10 kuma sun ruɗe ba tare da suma ba. Daga cikin waɗanda suka suma, kusan kashi 44 cikin 100 suna ɗauke da ciwon firgici, wato wanda ke sa mutum ya riƙa mafarkin abin da ya faru, yana zabura, yana gudun duk abin da zai tuna masa. Da masu binciken suka ware tasirin firgicin da na baƙin ciki mai tsanani, sai suka ga cewa yawancin koke-koken jiki sun fi alaƙa da waɗannan biyun, in ban da ciwon kai wanda ya ci gaba da bin raunin kansa. Ma'ana, fashewar da ta girgiza ƙwaƙwalwa ita ce kuma ta girgiza zuciya, kuma ciwukan biyu sukan cuɗe har a kasa rabe su.

Ga yadda abin ke kewayawa. Mutum ya kasa barci saboda ciwon kai ko mugun mafarki. Gari ya waye ya tashi a gajiye, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, saboda haka ya manta inda ya ajiye makulli. Sai zuciyarsa ta raya masa cewa ƙwaƙwalwarsa ta lalace ke nan har abada. Tsoro ya ɗaure masa jijiyoyin wuya, ciwon kai ya ƙaru. Ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa gona, ya shige ɗaki ya rufe taga. Jikin da ba ya motsi ba ya neman barci, idon da ya saba da duhu kuma hasken rana sai ya zame masa azaba. Daga nan sai a koma farko. Wannan ba ya nufin mutumin yana ƙarya ko yana raki. Ciwon gaskiya ne, yana jin sa a jikinsa kamar yadda mai zazzaɓi ke jin nasa. Amma tun da yake barci da tsoro da zaman ɗaki ne ke hura wutar, to ta nan ne kuma za a iya rage ta.

Maganin da aka gwada aka ga amfaninsa

Mataki na farko shi ne bayani. A shekarun 1990 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Wiley Mittenberg, ya nuna cewa majinyatan da aka zaunar aka yi musu bayanin ciwon, aka ba su ɗan littafi mai nuna cewa alamun sanannu ne kuma sukan wuce, sun fi saurin samun sauƙi a kan waɗanda aka sallama haka nan. A 2002 Jennie Ponsford ta sami irin wannan sakamako a ƙasar Ostareliya. Abin mamaki ne a ce magana kawai tana rage ciwon kai, amma wanda ya san cewa mantuwarsa ba alamar hauka ba ce ya sauke rabin kayan da ke kansa.

Mataki na biyu shi ne komawa aiki sannu a hankali. A da ana cewa mai irin wannan rauni ya kwanta a ɗaki mai duhu har sai ya warke sarai. Yanzu masana sun bar wannan ra'ayi. Taron ƙwararru da aka yi a Amstadam a 2022 ya tsayar da cewa hutun kwana ɗaya zuwa biyu ya wadatar, daga nan sai a fara tafiya a ƙasa da ƙananan ayyuka, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan muddin ciwon bai tsananta ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mataki na uku shi ne zama da ƙwararre, mako-mako, don koyon dabarun da za su cike gurbin mantuwa da kuma gyara tunanin da ke ƙara tsoro. A asibitin sojoji na Brooke da ke San Antoniyo an gwada wannan a kan sojoji 126 na tsawon mako shida, aka wallafa sakamakon a 2017. An raba su gida huɗu: wasu bayani kawai aka yi musu, wasu aka haɗa su da atisayen kwamfuta, wasu suka zauna da mai koyarwa, wasu kuma aka ƙara musu da zaman gyaran tunani. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido su ne suka fi ganin sauƙi a harkokinsu na yau da kullum. A 2019 kuma Amy Jak da abokan aikinta a San Diyego suka gwada tsofaffin sojoji 100 da ke da raunin kai tare da ciwon firgici, na tsawon mako 12. Dukansu sun sami sauƙin firgicin da na alamun raunin, kuma waɗanda aka haɗa wa da dabarun tunawa sun ƙara samun ci gaba wajen natsuwa da riƙe abu a ka. Darasin da ke ciki shi ne, raunin kai ba ya hana a yi wa mutum maganin firgici, kuma idan firgicin ya lafa sauran alamun sukan bi shi.

Ba muna cewa ƙwayar magani ba ta da wuri ba. Likita yana iya rubuta magani don ciwon kai, ko don baƙin ciki mai tsanani, kuma ya kamata a bi umarninsa. Sai dai har yanzu babu wata ƙwaya guda da aka tabbatar tana kawar da wannan ciwo gaba ɗayansa.

Rabon iyali

A nan ne magana ta zo kanmu, musamman iyaye mata da matan aure, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu na farko da za a gyara shi ne barci. A tsayar da lokacin tashi guda, kuma mu Allah ya hutar da mu neman agogo, tun da sallar asuba tana nan kullum. Barcin rana kada ya wuce rabin sa'a, kada kuma a yi shi bayan la'asar. Shayi mai kauri da kofi da goro a bar su tun daga azahar. Idan ya kwanta barci ya ƙi zuwa, gara ya tashi ya zauna wuri mai natsuwa har sai ya ji gyangyaɗi, da ya yi ta juyi a kan gado yana kallon waya. Da wannan tsari ne ƙwararru ke maganin rashin barci mai daɗewa, kuma amfaninsa ya fi na ƙwayar barci ɗorewa.

Na biyu shi ne motsi. A fara da tafiyar minti goma bayan asuba ko dab da magariba, lokacin da zafin Garwa ya sassauta, a riƙa ƙara minti biyu ko uku duk bayan 'yan kwanaki. Idan ciwon kai ya ɗan motsa sa'an nan ya lafa ba da jimawa ba, babu laifi, a ci gaba. Idan ya tsananta, a koma matakin jiya, amma kada a daina. Haka za a yi da hayaniya: wanda ba ya iya shiga babbar kasuwa ya fara da shagon unguwa, tare da ɗan'uwa, a lokacin da babu cunkoso.

Na uku shi ne mantuwa. A saya masa ƙaramin littafi da zai riƙa sawa a aljihu, ya rubuta saƙo da alkawari da bashi. Makulli da waya da katin shaida su kasance da wuri guda da ba ya sauyawa. A jingina ayyuka da lokutan salla: magani bayan asuba, ɗauko yara bayan azahar, lissafin kuɗi bayan isha'i. Idan za a ba shi saƙo a kashe rediyo, a faɗi abu ɗaya, a bari ya maimaita. Kada uwargida ta karɓe masa dukan ayyuka don tausayi, domin namijin da aka mayar tamkar yaro a gidansa baƙin cikinsa ƙaruwa yake yi.

Na huɗu shi ne fushi. A lokacin da hankali ke kwance, miji da mata su yi yarjejeniya a kan wata alama, yadda idan ya ji zuciyarsa ta fara tafasa zai fita tsakar gida, ya yi alwala, ya ja numfashi a hankali na 'yan mintoci kafin a ci gaba da magana. A gaya wa yara cewa babansu ba ya ƙinsu, rauni ne ya samu a wurin aiki kuma yana jinya. Amma fa haƙuri yana da iyaka: ciwo ba ya halatta duka. Idan aka kai ga ɗaga hannu a kan mata ko yara, wajibi ne manya su shigo ciki, a kuma sanar da likita.

Na biyar, kuma muna roƙon a kula da shi sosai, shi ne tiramol. Kowa ya san yadda wannan ƙwaya ta yi katutu a arewacin ƙasarmu. Mai ciwon kai kullum yana cikin haɗarin faɗa mata, ga shi kuma tana kama jiki, tana iya jawo farfaɗiya, tana ƙara dagula barci da tunani. Ko farasitamol ma, idan ana shan sa kwana 15 ko fiye a wata, yana iya zama shi ne ke haddasa ciwon kan. Giya da tabar wiwi su ma sukan mayar da hannun agogo baya.

Akwai wani abu da masallata za su lura da shi. Wasu bayan bugun kai sukan ji duniya tana juyawa idan suka yi ruku'u ko sujada, ko suka juya a kan gado. Sau da yawa wannan daga cikin kunne yake, inda wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ke gocewa daga mazauninsu, kuma likitan kunne ko mai gashin ƙashi da ya san aikin yana iya mayar da su ta hanyar juya kan majinyaci cikin 'yan mintoci. Kafin a samu hakan, malamanmu sun bayyana sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya na yin salla a zaune.

A gidaje da yawa, idan mutum ya sauya hali bayan dawowa daga daji, abin da ake fara zato shi ne sammu ko iska. Addu'a makamin mumini ce, kuma tana sanyaya zuciyar majinyaci da ta masu jinya. Abin da muke jan kunne a kai shi ne ɗaure mutum, ko dukansa, ko turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko sayar da gona don biyan mai magani, alhali ba a taɓa kai shi gaban likita an ambaci fashewar da ya tsira daga gare ta ba. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Ina za a nufa?

Akwai alamun da ba a jinyarsu a gida. Idan bayan bugun kai mutum yana ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa sa'a bayan sa'a, ko barci mai nauyi ya danne shi har ana kasa tashinsa, ko ya yi jijjiga, ko ɓangaren jikinsa ya saki, ko harshensa ya karye, ko jini ko ruwa yana fita ta hanci ko kunne, to a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama jini ne ke taruwa a cikin kai. Haka nan idan ya fara cewa ya gaji da duniya, ko mutuwa ta fi masa, kada a ɗauke shi wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a nisantar da makami da magunguna, a kai shi ga likita a ranar.

Wanda ke bakin aiki ya fara da likitan rundunarsa. Garwa ita ce hedikwatar yankin soja na uku, Marwa kuma ta na huɗu tun daga 2014, kuma duka biranen biyu suna da asibitocin yanki. Wanda ya bar aiki ya tuntuɓi ofishin kula da tsofaffin sojoji, wato ONACAM, don sanin haƙƙoƙinsa. Idan za a je, matar ko wani na kusa ya raka shi, a tafi da takarda mai ɗauke da ranar da abin ya faru, ko ya suma, da alamun da ake gani, da duk ƙwayar da yake sha. Soja yakan ji nauyin faɗin irin wannan ciwo don kada a ce ya karaya, shi ya sa bakin mai rakiya ke da amfani.

Gaskiya ne ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da na tunani sun yi ƙaranci a arewa, yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Amma wannan ba dalilin naɗe hannu ba ne. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama biyar, mako-mako, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa bayan an horar da shi kuma ana sa masa ido. Ana koyar da sassauta numfashi, da warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da komawa ayyukan da aka bari, da ƙarfafa zumunci. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya a kan mutanen da bala'i ya taɓa, aka ga ya rage damuwa. Ba don raunin kai aka tsara shi ba, amma mai karatu zai ga cewa ginshiƙansa su ne waɗanda muka lissafa a sama. Ƙungiyoyinmu na mata da na matasa, da kwamitocin masallatai, suna iya neman ma'aikatan lafiya su horar da mutum biyu ko uku a kowace unguwa a kan irin wannan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaƙin bai ƙare ba. A watan Maris na 2025 ma an kashe sojojinmu 12 a Wulgo, kusa da Fotokol, wasu kuma suka ji rauni. Ke nan za a ci gaba da dawo mana da 'ya'yanmu, wasu da raunin da ake gani, wasu da wanda ba a gani. Mutumin da ya kwana a rami don mu kwana a gado ya cancanci, idan ya dawo, a gaskata shi in ya ce kansa yana ciwo, a raka shi asibiti, a kuma yi tafiyar minti goman nan tare da shi har ranar da zai iya yin ta shi kaɗai. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, amin.